Tagar Tadawus

Ruwan Agusta ya kwana uku a Unguwar Jahun.
Ran na huɗu da asuba zaurenmu ya durƙusa,
ba ƙara, ba sallama,
kamar tsohon da ya ce ku yi gaba, zan biyo ku.
Azara ta fito tsirara.
Daɓen kakana ya koma taɓo, awaki na ratsawa.

Na tsaya da cebur ban san ta ina zan kama ba.
Magini ne ni, ɗan magini,
amma bulo na sani da siminti.
Hannun da ya san tubali ya daɗe a ƙasa.

Gwaggo Dudu ta tofar da goro ta ce,
"Ina akwatin Tadawus?"

Tadawus, Baturen Polan,
dogo, mai jan wuya, mai awon hanya.
Ina ɗan shekara tara yake zuwa wurin Baba,
ya tuɓe takalmi a bakin dakali,
ya ci masa har miya ta ɓata masa gemu.
Hausarsa duk karaya ce, amma tana tafiya.

Shi ya ce mana an ƙone garinsu, Warso, ƙurmus.
Uwarsa ta dawo bayan yaƙi
ta kasa gane layin da aka haife ta.
Sai mutane suka nemo tsofaffin zane-zane
na wani mai fenti da ya mutu tun zamanin kakanni,
suna duba takarda, suna ɗora jan bulo:
ƙofa nan, baranda nan.
Baba ya yi dariya har da tari.
"Gari daga takarda? Kai, Bature!"
Tadawus bai yi dariya ba.
Ya ce ƙasarsu ma ta taɓa ɓata daga taswira,
shekara ɗari da ashirin da uku.
Baba ya ce, "To a ina kuka ajiye ta?"
Ya danna rikoda.

Fiyano ne. Taku uku-uku,
na biyun yana jan ƙafa
kamar mai rawa da ya tuna da mamaci a tsakiyar fili.

Mun fasa akwatin da guduma, mukulli ya bi Baba.
Kaset ɗin na nan.
Ga zakara da aka yanka da almakashi daga jar takarda,
gara ta cinye masa wutsiya.
Can ƙasa, cikin ambulan,
zaurenmu da fensir:
zankwaye huɗu, dagin da ke goshin ƙofa,
har da tsagar da ƙadangare ke kwana.

Na ɗauko tsoho Maidawa daga Ƙofar Ran a kan babur.
Ya kai takardar kusa da idonsa mai gani,
ya ce a kwaɓa ƙasa, a jiƙa makuba.
Kwana arba'in muna dubawa muna ɗorawa.
Baba, da kana nan da ka ga abin dariyarka.

Da gini ya kai kafaɗa Gwaggo ta zo da sanda.
Ta dubi zanen, ta daɗe.
"Wannan tagar ba tamu ba ce.
Zauren nan bai taɓa yin taga ta arewa ba."
Na duba. Siririya ce, doguwa, mai kan baka,
da wani abu kamar tukunyar fure a gindinta.
Ban taɓa ganin irinta a Bauchi ba.

Maidawa ya ce, "A toshe?"
Gwaggo ta juya goro a baki.
"Yaron nan shekara huɗu bai ga uwarsa ba.
Ku bar masa."

Yanzu da hantsi haske kan shigo ta nan
ya kwanta daidai inda yake ajiye takalmi.
Jikata Ummita ta sa gwangwanin tumatir a wurin,
ta shuka na'ana'a.
Kaset ɗin ya saki, fiyanon na rawar murya,
kuma kullum a wuri ɗaya yake tsinkewa.
Nakan ƙarasa da bakina.
Ban sani ba ko haka mai kiɗan ya nufa.